Tambayi Likitar Gashin Ƙashi: Gida sun ce in kwanta, asibiti sun ce in motsa, maganar wa zan ɗauka?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon na tattaro saƙonni huɗu da suka shigo a kan ciwo guda, wato ciwon kumburin tsoka wanda a asibiti muke ce masa mayositis. Ba ciwo ne da ya yawaita ba, sai ma'aikacin lafiya ya shekara bai ga mutum biyu masu shi ba, shi ya sa masu shi suke shan wahalar yawo kafin a gano. Na taƙaita saƙonnin kaɗan saboda fili, kuma kamar kullum ba na sa sunan kowa.

TAMBAYA TA FARKO, daga wata 'yar'uwa a Gusau

Salam Anti likita, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ni malamar firamare ce, shekaruna 38, yarana huɗu. Wajen wata takwas kenan na fara jin cinyoyina kaman ba nawa ba, in na zauna a tabarma sai an kamo hannuna an ɗaga ni, rubutu a allo hannun ba ya kaiwa sama, kai har ɗaurin ɗankwali ya zama aiki, ga wani baƙi-baƙi da ya fito min a fatar ido da kan gaɓoɓin yatsu. An ce sanyi ne an ce sammu ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji, daga ƙarshe dai a asibitin koyarwa aka ɗebi jinina aka yanki 'yar tsoka a cinya aka ce damatomayositis ne. Yanzu ina shan firednisolon da wani da ake sha sau ɗaya a sati, kuma alhamdulillahi na ji sauƙi. To likita ya tura ni sashen gashi wai in fara motsa jiki, amma Hajiyata da uwar mijina duk sun ce ba su yarda ba, wai ta yaya naman da yake a kumbure za a ce a wahalar da shi, ko tsinke ba sa bari in ɗauka. Ni kuma wallahi kullum ji nake ƙafafun suna ƙara sirancewa. Maganar wa zan bi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Ki bi maganar likitanki, ki je sashen gashin nan. Amma kar ki ga laifin su Hajiya ko kaɗan, domin abin da suke faɗa ɗin nan shi ne abin da likitocin duniya da kansu suke faɗa shekara da shekaru, har wajen 1990 ana cewa mai wannan ciwo ya kwanta ya huta, ana tsoron motsi zai ƙara rura kumburin. Kin ga iyayenmu ba su yi tunanin banza ba, ilimin ne ya matsa gaba.

Ciwon nan garkuwar jikinki ce ta rikice ta koma tana yaƙar tsokarki, musamman manyan tsokoki na kusa da gangar jiki, cinya da ƙugu da kafaɗa da wuya, shi ya sa tashi daga ƙasa da ɗaga hannu sama suka fara gagararki tun kafin komai. Maganin da kike sha aikinsa ya kwantar da garkuwar. Amma magani ba ya gina tsoka, sai dai ya kashe wutar, ginin kuma sai an sa hannu.

Abin da ya sauya tunanin likitoci gwaji ne aka yi. A 1993 aka fara fitar da rahotanni daga Amurka na marasa lafiya ƙalilan da aka sa su motsa jiki, ƙarfinsu ya ƙaru kuma gwajin jini bai nuna ciwon ya tashi ba. A 1998 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya aka sa wasu suna tuƙa keken nan na tsaye da hawa da saukar 'yar matakala har sati shida, numfashinsu da ƙarfinsu suka gyaru. Sannan a cibiyar Karolinska da ke Sitokholm a ƙasar Suwidin akwai wata likitar gashi kamata, Helene Alexanderson, wadda ta daɗe tana aiki a kan wannan. A 1999 ita da abokan aikinta suka ba mutum 10 atisayen gida, kwana biyar a sati har sati 12, suka ɗauki hoton tsoka da na'urar MRI suka kuma yanki tsokar suka duba kafin da bayan, ba a ga kumburi ya ƙaru ba. Daga baya suka gwada da nauyi sosai, suka gwada ga waɗanda ba su daɗe da kamuwa ba, amsar dai ɗaya. Har ma an ga alamar cewa motsin yana rage aikin ƙwayoyin halittar da ke hura kumburi a cikin tsokar. Mutanen da aka yi gwajin da su ba su da yawa tunda ciwon kansa ba shi da yawa, amma duk inda aka gwada hanya ɗaya sakamakon yake nunawa, shi ya sa yanzu motsa jiki ya shiga cikin magani.

Sirancewar ƙafa da kike gani kuwa, ɓarayi uku ne suka haɗu a kanki. Akwai ciwon kansa, akwai kwanciya, domin ko lafiyayyen ƙato ka kwantar da shi sati biyu ba ya taka ƙasa sai cinyarsa ta zube, sannan akwai shi firednisolon ɗin, wanda duk da shi ne ya ceto ki, in an daɗe ana sha yana cin tsokar cinya da ƙugu yana kuma sa ƙashi ya yi rauni. Ɓarawo na farko aikin likita ne. Biyun nan na baya babu abin da yake korarsu kamar motsi.

Na taɓa samun wata baiwar Allah da aka kawo min a keken marasa lafiya, 'yarta tana turo ta, ita ma wata biyar tana kwance ana tattalinta. Ranar farko na ce ta tashi daga kujera ba dafawa, ta yunƙura har sau uku gumi ya keto mata a goshi, ɗuwawunta ko ɗagawa bai yi ba, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska tana kuka. Sai na ɗauko filo biyu na ɗora a kujerar ta ƙara tudu, na ce sake gwadawa, ta tashi sau ɗaya. Sau ɗayan nan muka rubuta a bayan katinta. Bayan sati uku muka cire filo ɗaya. Ranar da ta shigo da ƙafarta ta ɗaga hannu biyu ta ɗaura ɗankwalinta a gabana, har da ture kaga tsiya, wallahi ni ce na yi ƙwalla.

Ga irin abin da za a fara miki da shi, amma ki bari likitan gashi ya auna ki tukuna don shi zai san daga inda za ki tashi. Ki samu kujera mai ƙwari mai ɗan tsayi, ba kujerar tsakar gida 'yar tsuguno ba, ki jingina ta da bango, ki tashi ki zauna a hankali, in sau uku kike iyawa to ukun ne naki, ki huta ki sake. Ki kwanta rigingine ki lanƙwashe gwiwa ki ɗaga ƙugu sama ki sauke. Ki kwanta ta gefe ki ɗaga ƙafar sama kaɗan. Ki dafa bango ki yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Hannu kuma ki fara ɗaga shi haka nan ba komai, gaba da gefe, in ya kai kina yin goma ba wahala sai ki riƙe ledar fiya wata ɗaya, nauyinta rabin kilo ne, daga nan ki koma gorar ruwa. Duka wannan minti 15 ya isa, sai ki ƙara da tafiya, ko zagayen tsakar gida ne, minti biyar ki riƙa ƙarawa har ya kai 15 ko 20. Tafiyar ta zama wadda numfashi zai ɗan ɗaga amma kina iya hira, in magana ta gagara kin wuce gona da iri.

Ma'aunin da nake ba kowa shi ne gobe. Gajiya da ɗan tsamin jiki bayan motsi ba komai ba ne, kowa yana ji. Amma in kin wayi gari kin fi jiya rauni, abin da kika yi jiya yau ya gagara, ko ciwon ya wuce kwana biyu bai lafa ba, to kin yi yawa, ki rage rabi, kar ki daina gaba ɗaya. In kuwa raunin ya ci gaba da ƙaruwa sati guda ko biyu duk da kin rage, ko ƙurajen suka dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi, wannan ba maganar motsi ba ce, ki koma wajen likita maza, wataƙila ciwon ne ya motsa. Kuma in an sa miki ranar ɗibar jini na gwajin CK, wato sinadarin da ke fita daga tsoka in ta ji rauni, ki sassauta atisaye kwana biyu zuwa uku kafin ranar, don motsi mai ƙarfi yana ɗaga shi ko a jikin mai lafiya, kar rizol ya tayar wa kowa da hankali a banza.

Irin naki mai taɓa fata ba ya shiri da rana ko kaɗan, rana tana tayar da ƙurajen, don haka tafiyarki ta zama bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, kuma in kin koma makaranta ki roƙi hedimasta ya ɗauke miki tsayuwar asambili. Sannan abu biyu da ba na so ki yi wasa da su. In kin fara ƙwarewa wajen cin abinci ko tuwo yana tsaya miki a maƙogwaro ki faɗa wa likita, tsokar haɗiya ma ciwon yana kamawa. Na biyu, a manya wannan nau'in wani lokaci yana zuwa tare da ciwon daji a ɓoye, musamman shekarun farko, don haka in an ce ki yi gwajin mama da na mahaifa da hoton ciki ki yi, ba wai an ga wani abu ba ne, ƙa'ida ce. Wanda kike sha sau ɗaya a satin nan kuma, in metotireksat ne, ba a ɗaukar ciki a kansa, ku zauna da maigida da likita a kan wannan.

Su Hajiya kuwa kar ki yi musu da su. Ki roƙi ɗaya daga cikinsu ta raka ki sashen gashi ta gani da idonta, ta ji daga bakin ma'aikaci, sannan ki ba ta aikin ƙirga miki tashi da zama a gida. Na sha ganin uwar da ta zo tana harara ta koma ita ce mai cewa saura biyu, tashi.

TAMBAYA TA BIYU, daga wani ɗan'uwa a Maraɗi

Likita ina wuni. Mahaifina ne shekararsa 67, tela ne, wajen shekara biyar yana yawan faɗuwa, gwiwa sai ta lanƙwashe kawai, yatsunsa ba sa iya damƙe almakashi ko buta. A Yamai aka ce wani nau'in mayositis ne da ake kira IBM, an ba shi magani wata shida ba canji aka tsayar. An ce mu kai shi wajen kine, wato likitan gashi. Tunda an ce ba ya warkewa, meye amfanin wahalar da tsoho?

AMSA

Lafiya lau ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Ba zan ɓoye maka ba, nau'in da Baba yake da shi daban yake da na malamar da na amsa a sama. Ya fi kama waɗanda suka haura 50, ya fi yawa a maza, yana cin tsokar gaban cinya da tsokar da ke lanƙwasa yatsu, a hankali yake tafiya cikin shekaru, kuma magungunan kwantar da garkuwa ba sa yi masa aiki yadda suke yi wa sauran, don haka likitocin da suka tsayar ba sakaci suka yi ba. Tsokar da ta riga ta ƙare atisaye ba zai dawo da ita ba. Amma ba duka ta ƙare ba, kuma wadda ta rage ɗin ita ke kai shi masallaci da banɗaki da ƙafarsa, in aka bar shi a zaune ita ma za ta bi sahu tun lokacinta bai yi ba. An gwada motsa jiki ga masu irin wannan kuma ba a ga ya cutar da su ba, wasu juriyarsu ta ƙaru. Ni a wajena in Baba ya ƙara shekara biyu ko uku yana kai kansa bayi ba sai an ɗauke shi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo mai mutunci.

Ku kai shi wajen kine ɗin, nauyi kaɗan, maimaitawa daidai ƙarfinsa, hutu tsakani, kuma kar a yi masa atisayen tsaye ba abin dafawa tunda gwiwar ba ta sallama kafin ta lanƙwashe. Keken tsaye ya fi masa tafiya mai nisa. Yatsu a ba shi soso ko ƙwallon roba mai laushi yana matsawa, a naɗa wa cokali da makulli tsumma su yi kauri. Babban abokin gabarku faɗuwa ce, karayar ƙugu a wannan shekarun tana kwantar da mutum gaba ɗaya, don haka a ɗaga masa gado da kujera su yi tudu, masai na tsuguno a sa masa kujera mai huji a kai da ƙarfen dafawa a bango, a kwashe tabarmi masu naɗewa daga hanyarsa, a sa fitila da dare, silifas a canza da takalmi mai kama dunduniya. Sanda kuma na san dattawa da ƙin ta, ka sayo masa mai kyau irin ta girma. Sallah ya yi a kujera hankalinsa kwance, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ce ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ku kuma sa ido a kan haɗiyarsa, masu irin wannan da yawa suna samun matsalar ƙwarewa.

TAMBAYA TA UKU, daga wani matashi a Kaduna

Anti ni shekarata 26, da ina buga ƙwallo a unguwa, bara aka ce ina da folimayositis, yanzu ƙarfi ya fara dawowa ina so in shiga jim in ɗaga ƙarfe in dawo yadda nake. Sai dai ina ɗan tari busasshe kuma in na hau bene ina haki sosai. In shiga?

AMSA

Ƙanena ka dakata da jim ɗin tukuna, tarin nan da hakin su suka tsaya min a rai. Wannan ciwon a wasu mutane yana taɓa huhu ya sa shi tauri, musamman masu wani sinadarin garkuwa a jini da ake kira Jo-1, wani lokaci kuma yana taɓa tsokar zuciya tunda ita ma tsoka ce. Ka koma wajen likitanka wannan satin ka faɗa masa daidai yadda ka faɗa min, a duba huhu a yi gwajin numfashi da na zuciya. In an ce bismillah, to ɗaga ƙarfe ba haramun ba ne a gare ka, har ma ana so, amma da nauyin da za ka iya ɗagawa sau 10 zuwa 15 ba tare da ka murguɗe jiki ba, kwana biyu ko uku a sati da ranar hutu a tsakani, ba irin na abokai masu ihun ƙara ɗaya ƙara ɗaya ba. In ka taɓa ganin fitsarinka ya koma kalar shayi ba madara bayan atisaye, ga tsoka tana ciwo sosai, asibiti kai tsaye a ranar, alamar tsoka ce ta farfashe kuma yana iya taɓa ƙoda. Ciwon ƙirji ko jiri ko bugun zuciya ba tsari, ka tsaya nan take. Allurai da ƙwayoyin ƙara ƙwanji da ake tallatawa a wasu wuraren kar ka kusance su, wake da ƙwai da kifi da awara da nono sun ishe ka.

TAMBAYA TA HUƊU, daga wata 'yar'uwa a Azare

Likita na fara atisaye wata uku kuma na ji daɗi sosai, har ina share tsakar gida da kaina. Amma firednisolon ya sa fuskata ta yi fam, har ana min gorin wai sha ka fashe nake sha. Tunda motsa jiki yana min aiki zan iya ajiye maganin?

AMSA

A'a 'yar'uwa, dan girman Allah kar ki ajiye. Na yi murna da sharar tsakar gidan nan ƙwarai, amma atisayen yana aiki ne saboda maganin ya danne ciwon, in kin cire shi ciwon zai iya dawowa ya kwashe abin da kika tara a wata ukun. Kuma wannan maganin in an daɗe ana sha jiki yana rage yin nasa sinadarin, tsayar da shi rana ɗaya yana iya sa jini ya faɗi mutum ya yanke jiki, shi ya sa likita ne yake rage shi kaɗan-kaɗan. Gorin yana da ciwo, na sani, ba ke kaɗai aka yi wa ba, amma kumburin fuskar yana sauka in an rage yawan maganin. Ki faɗa wa likitanki yadda abin yake damunki, ki nuna masa ci gaban da kika samu, sau da yawa irin wannan ci gaban ne yake ba shi ƙwarin gwiwar fara ragewa. Kafin nan ki rage gishiri da magi da lemon kwalba, a riƙa auna miki suga da hawan jini, ki tambaye shi maganin ƙarfafa ƙashi. In azumi ya matso ki je tun da saura sati biyu ko uku ku tsara lokacin shan maganin, atisayen kuma ki mayar da shi bayan shan ruwa.